GARGAƊI: Wanda Aka Yi Wa Aikin Basir, Kada Kunya Ta Hana Shi Komawa Asibiti

Jama'a, wannan kira ne ga duk wanda aka yi wa aikin basir, namiji ko mace, da duk mai jinyarsa. Sallama daga asibiti ba ita ce warkewa ba. Makonni biyu na farko a gida su ne lokacin da ake fargaba, kuma abin da kan mayar da ƙaramar matsala babba shi ne shiru. Ciwo ne a wurin da ba a son ambata, sai mutum ya ga jini ya ɓoye, fitsari ya tsaya masa ya daure, har sai an ɗauko shi ranga-ranga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya yarda likita ya yi masa aiki a wurin nan, babu sauran abin da zai ɓoye masa.

Ka san irin raunin da ke jikinka

A aikin da aka fi sani, wanda likitoci biyu, Milligan da Morgan, suka bayyana a asibitin St Mark's na Landan a 1937, ana yanke tsiron, a ɗaure jijiyar da ke kai masa jini, sannan a bar wurin a buɗe da gangan domin ya cike da kansa. Akwai kuma hanyar Ferguson ta 1959, inda ake ɗinkewa da zaren da ke narkewa. Don haka in ka ji wurin a buɗe, ba mantuwa likita ya yi ba, kuma ba ya bukatar wani ya zo ya "rufe" shi. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya warke, wani lokaci ya ɗan haura.

Zafi mai tsanani a makon farko, musamman wajen bahaya, da ɗigon jini kaɗan, da ɗan ruwa mai ɓata wando, da kumburi a bakin dubura, duk ana sa ransu. Sukan ragu kullum. Abin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, shi ne abin tsoro.

Alamomin da ba a kwana da su

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne:

- Jini yana zuba bai tsaya ba, ko yana fitowa guda-guda.
- Jiri, ko gumi mai sanyi, ko bugun zuciya da sauri, ko suma.
- Awa 8 ba ka yi fitsari ba, ko mara ta cika ta kumbura amma ya ƙi fita.
- Zazzaɓi da rawar sanyi.
- Zafin da ke ƙaruwa har magani ba ya taɓa shi.
- Mugunya mai wari, ko kumburin da ke yaɗuwa zuwa matsematsi.
- Kwana 3 babu bahaya, balle in ciki ya kumbura ko ana amai.

A kula da maganar jini sosai. Yakan ɓalle tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan aiki, lokacin da ɓawon raunin ko ɗaurin jijiyar ke saki, wato daidai lokacin da mutum ya fara jin sauƙi, 'yan dubiya sun ragu, yana tunanin komawa kasuwa. Kuma yana iya taruwa a ciki ba a gani, sai mutum ya ji kamar bahaya, ya tsuguna, jini ya kwarara. Kada a tsaya jiƙa magani, kada a ce a bari gari ya waye. A danne wurin da tsumma mai tsabta, a kwantar da shi, a nemi mota. Kada ya tuƙa kansa.

Zazzaɓi kuwa, kada a ce na cizon sauro ne a sayo magani a kemis a zauna. In ya haɗu da zafi mai tsanani da tsayawar fitsari, yana iya zama ƙwayoyin cuta ne suka shiga can ciki. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in ya faru, jinkirin yini guda yana iya cin rai. Masu ciwon suga da masu raunin garkuwar jiki su fi kowa gaggawa.

Kada tsoron bahaya ya sa ka daina cin abinci

Mutane da yawa sukan rage ci, su riƙe bahaya don gudun zafi. Wannan kuskure ne babba. Muddin bahaya ya daɗe a hanji, hanji na tsotse ruwansa, ya bushe ya yi tauri, ranar da zai fito ya yaga raunin. Abin da ake nema shi ne ya fito da laushi ba tare da yunƙuri ba.

Sha ruwa aƙalla lita 2 a yini, fiye da haka lokacin bazara. Ci wake, zogale, alayyafo, miyar kuka da kuɓewa, gwanda, kankana, lemu da dabino. Rage farin burodi, taliya, tsire da yaji. In an rubuta maka maganin tausasa bahaya irin su lactulose, sha shi yadda aka ce, kada ka jira sai ciki ya ɗaure. In ka ji bahaya ka tafi, kuma kada ka daɗe a tsugune kana latsa waya.

Tramadol da kodin suna ɗaure ciki, don haka kada ka ƙara wa kanka ko ƙwaya ɗaya a kan abin da likita ya rubuta. Farasitamol kada ya wuce gram 4 a yini ga babba, wato ƙwaya 8 masu miligram 500. Asfirin da magungunan tsinka jini irin su warfarin suna ƙara zubar jini. In dama kana shansu, likita ne zai faɗa maka ranar da za ka ci gaba, ba kai za ka yanke ba.

Kada a saka komai a wurin

Da an ji an yi maka aiki, masu ba da shawara za su yi sallama: wannan ya zo da garin magani, wancan da man shafawa, wani ya ce a tsuguna a kan hayaƙi, mai lasifika a tasha kuma yana da na matsi. Ka yi godiya, ka ajiye. Kanwa, alif, barkono, toka da duk wani haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba suna ƙona naman da ke tohowa, su shigar da cuta, su bar tabon da zai tsuke dubura har a sake wani aikin. Haka nan kada a kira wanzami ya yanke ɗan naman da ya kumbura a baki. Yawancinsa yakan saɓe da kansa, wanda ya rage kuma likita zai duba.

Abin da ake so shi ne zama a ruwan ɗumi, a roba mai tsabta, minti 10 zuwa 15, sau 2 ko 3 a yini da kuma bayan kowane bahaya. Ruwan ɗumi aka ce, wanda gwiwar hannu za ta iya zama a ciki, ba tafasasshe irin na wankan jego ba. Kada a zuba Dettol ko wani abu sai in likita ya ce. Tsarki da ruwa da muka saba shi ne daidai, amma a zuba a hankali, ban da gurzawa, sannan a ɗan danna tsumma mai laushi wurin ya bushe.

Ibada da neman abinci

Addini bai ɗora wa majinyaci abin da zai cutar da shi ba. Wanda tsayuwa ko sujada ke wahalar da shi, an yarje masa ya yi salla yadda zai iya. In aikin ya faɗo kusa da azumi, ka tambayi likita kafin ka ɗauka, domin yinin ƙishirwa yana busar da bahaya, kuma mara lafiya yana da damar ramawa. Maganar ɗigon ruwa da alwala, ka tambayi malami, akwai sauƙi a cikinta.

Ka riƙa ɗan tattaki a tsakar gida tun daga ranakun farko. Amma hawa babur, doguwar tafiya a mota, ɗaukar buhu, noma, daka da jan ruwa a rijiya su jira aƙalla mako 2, ko sai likita ya ba da izini. Magidanta, in uwargida aka yi wa aikin, ku nemo wanda zai karɓe ta aikin gida. Kada a ce ai ta tashi.

Ranar komawa ba ta da fashi

Ko ka ji garau, ka koma ranar da aka sa maka. In bayan makonni bahaya ya koma siriri yana fita da ƙyar, ko ba ka iya riƙe tusa ko bahaya, ka faɗa, domin akwai magani, kuma ya fi sauƙi in an tare shi da wuri. In rauni ya warke amma jini bai daina ba, ko kana ramewa, ko yanayin bahayanka ya sauya, ka nemi a duba hanjinka. Ba duk jinin dubura ne basir ba, kansar hanji ma da shi takan fara bayyana.

Ku masu jinya, kada ku tsaya a "ya jiki?", domin amsar kullum "da sauƙi" ce. Ku tambaya kai tsaye: Ka yi fitsari? Ka yi bahaya? Jinin ya ƙaru? Tun yau ku karɓi lambar wayar asibitin, ku san mai motar da za ku tasa da dare, ku ware kuɗin mai, ku ajiye katin asibiti inda hannu zai kai. In akwai wanda aka yi wa aikin nan a unguwarku kuma ba ya karatu, ku karanta masa wannan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.