Kafin Ka Ɗora Ɗakin Katako a Kan Ginin Bulo

Tsadar siminti da rodi ta sa mutane da yawa, musamman masu shaguna, sun koma ɗora ɗakin katako a kan ginin bulo, su lulluɓe shi da kwano ko falanki maimakon zuba dakin. Dabarar ba ta da laifi. Katako ba shi da nauyi, ginin da ke ƙasa ba zai wahala ba. Sai dai rashin nauyin nan shi ne abin tsoro, domin guguwar farkon damina daga ƙasa take cusa kai ta ɗaga abin da ba a ɗaure ba.

Saboda haka ido ya koma kan mahaɗar katako da bango. Sau da yawa za ka ga kafinta ya shimfiɗa tu-bai-fo a kan bulo na ƙarshe, ya buga ƙusar kankare, ya ce, "Alhaji, wannan ko giwa ba ta ture shi." Bulo kuwa rami ne a cikinsa, ƙusar ba ta kama komai ba. Maimakon haka, a zuba linta mai rodi ta zagaye bangon gaba ɗaya, a dasa ƙusoshi masu noti ko langa-langa tun kankaren yana ɗanye, tazarar kamar ƙafa 4, a ɗaure katakon da su. A sa leda mai kauri tsakanin kankare da katako don kada danshi ya ruɓar da shi. Kowace kusurwa kuma a ba ta katakon tokari a karkace, in ba haka ba ɗakin zai riƙa rangaji.

Kwanon jiki ya sauko ya rufe bakin bangon da 'yan inci, ruwa ya zube waje. In ya tsaya daidai kan linta, cikin bulo ruwan zai bi.

Sai gara. Magabata sun yi rufi da azarar giginya saboda gara ba ta cika cin ta ba. Katakon kasuwa ba haka yake ba, balle ɗanye, wanda zai bushe ya karkace ya saki ƙusa. A sayi busasshe, a shafe shi da maganin gara irin su Solignum, har bakin da aka yanka da zarto. Wayar lantarki ta bi cikin bututu, kuma kada a dafa abinci a saman.

Kafin a sayi ko falanki ɗaya, injiniya ya duba fandisho da bangon, musamman in bulo mai inci 6 ne, sannan a nemi izinin hukumar tsara birni, kamar KNUPDA a Kano.