Zamiyar ƙanƙara: Ƙaramin tudu ko babban dutse?

Wasan zamiya da allo guda a kan dusar ƙanƙara, wanda ya shiga gasar Olamfik a Nagano ta Japan a 1998, ba a kan manyan duwatsu aka faro shi ba.

A 1965 ne Sherman Poppen ya haɗa wa 'ya'yansa mata irin wannan allo a Muskegon da ke jihar Michigan ta Amurka, yankin da babu dogayen duwatsu.

Gangaren tudun Buck Hill na Minnesota kimanin mita 100 ne, na Whistler Blackcomb a Kanada kuwa ya kai mita 1,600.

Sai dai gajartar ma riba ce. Cikin 'yan mintoci ake mayar da ɗan wasa sama, don haka yakan yi ta maimaita salo ɗaya har ya ƙware. Kuɗin shiga ma da sauƙi, saɓanin Vail ta Kolorado, inda tikitin yini kan haura dala 200.

Babbar barazanar ita ce ɗumamar yanayi, domin injinan samar da dusar ƙanƙara ba sa aiki sai sanyi ya kusa daskarar da ruwa.

Idan ƙananan tuddan suka rufe, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne za su rasa wurin koyo.