Aikin gidan tarihi sana'a ne

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a Yamai akwai wani babban gida da ake kira mize, wato gidan tarihi. An buɗe shi a shekara ta 1959. Yau yana ɗauke da sunan Bubu Hama, wanda ya yi ƙoƙarin kafa shi. A ciki akwai tufafin ƙabilun Nijar da kayan kiɗa. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka tono a Gadufawa. Akwai kuma itacen Tenere, wanda mota ta kayar a 1973.

Su wa ke cin abinci a wannan gida?

Na farko, masu sana'ar hannu. Maƙera, dukawa, masaƙa da masassaƙa suna aiki a gaban baƙi, suna sayar da kayansu. Akwai kuma masu zanen zamani. Mai zane yana sa launi bisa ƙyalle, ya nuna rayuwar mutanenmu ta yau. Wanda ya gwane yana iya kai aikinsa Dakar, inda ake babban nunin zane kowace shekara biyu.

Na biyu, masu kula da kayan. Kowane abu da ya shigo, sai an ba shi lamba. Sai an rubuta sunansa, garin da ya fito, wanda ya yi shi, da amfaninsa. Sai an kare shi daga gara, ƙura da laima. Wasu ma'aikata suna zagayawa da baƙi da ƴan lakkol, suna yi musu bayani. Shugaban gida shi ke tsara aiki, ya riƙe lissafin kuɗi.

Ina hanyar shiga?

Hanyar ita ce karatu. Yaro ya gama lakkol, ya karanta tarihi a jami'a. Daga nan yana iya neman horo a Porto-Novo, ƙasar Benin. Can aka buɗe makarantar kula da kayan gadon Afirka a 1998. Mai sana'ar hannu shi ma yana bukatar karatu, don ya rubuta kuɗin kayansa da kansa, kada dillali ya cuce shi.

Me ya sa muke bukatar waɗannan ma'aikata?

A 1975 an gano tukwane da mutum-mutumi na yumɓu a Bura, wajen Tera. A 1983 malam Bube Gado ya tona wurin bisa ƙa'ida. Bayan haka masu tonon sata sun kwashe kaya da yawa, an sayar da su ƙasashen waje. Abin da aka tono ba a rubuta ba, labarinsa ya ɓace.

Saboda haka, in ka ci karo da tsohon abu a gona, kada ka sayar. Ka shaida wa mai gari. In ɗanka ko ɗiyarka na son zane, kada ka hana. Ka bar su su yi zane, ka kuma bar su a lakkol.