Embryo: Makaɗan Jamus da suka zo Najeriya neman dundun

A shekarar 1969 ne Christian Burchard da Edgar Hofmann suka kafa ƙungiyar makaɗa ta Embryo a birnin Munich. A lokacin, matasan Jamus ta Yamma sun gaji da kwaikwayon kiɗan rock na Amurka da Ingila, suna neman nasu na kansu, salon da 'yan jaridar Ingila suka laƙaba wa suna Krautrock.

Faifansu na farko, Opal, ya fito a 1970. Rock ne gauraye da jazz, kiɗa mai tsawo, baiti kaɗan, akasari nan take ake ƙirƙirarsa.

Sai dai tafiya ce ta sauya su. A 1978 suka hau motocin bas suka nufi Indiya ta Iran da Afghanistan da Pakistan, duk inda suka yada zango sai su zauna su yi kiɗa da makaɗan gargajiyar wurin. Wannan tafiya ta watanni ce ta haifar da faifan Embryos Reise a 1979.

Daga baya suka juyo Najeriya. A 1985 suka fitar da faifai tare da makaɗan dundun na Yarabawa, ciki har da Muraina Oyelami. Ba a mayar da gangar nan mai magana, 'yar'uwar kalangu, abin ado ba. Kafaɗa da kafaɗa take tafiya da kayan kiɗan Turawa.

Wannan hanya ba ta kawo musu kuɗi ko suna irin na Kraftwerk ba. Burchard ya rasu a 2018, kuma 'yarsa Marja ce ke jan ragamar ƙungiyar yanzu.