Ƙananan Kuɗin Intanet: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Hakimai sun sha jin kukan samari waɗanda suka zuba dukiyarsu cikin kuɗin intanet, watau kirifto, suka tashi a tutar babu. Ga yadda abin yake.

Babban waɗannan kuɗi shi ne Bitcoin, wanda aka fara a 2009, adadinsa kuwa ba zai wuce miliyan 21 ba. Amma ƙananan da suka biyo bayansa dubbai ne, kullum ana ƙago sababbi. Kowa ya sani, in hatsi ya cika kasuwa masaya kaɗan, lalle farashi ya karye.

Na biyu, masu ƙago ƙaramin kuɗi sukan keɓe wa kansu kaso mai tsoka. Da talakawa sun saya farashi ya hau, sai su sayar da nasu, su bar na baya da hasara.

Na uku, a Janairu 2024 hukumar Amurka ta yarda a sayar da hannun jarin Bitcoin a kasuwanninta, manyan attajirai suka fi karkata can.

Dubi Pi, wanda samarin Arewa suka yi shekaru suna haƙa a waya. Ya kusa dala 3 a Fabrairu 2025, kafin wata biyu ya koma ƙasa da dala 1. Abin da ya sa gwiwar masu ƙaramin jari ta yi sanyi ke nan.

Saboda haka ana roƙon Hakimai su umurci dagatai da masu unguwa su gargaɗi jama'a, kada kowa ya sayar da gona ko shanu domin wannan ciniki. Wanda ya yi hasara ba mai biyansa.