Taimakon Iyalin Mai Dafa Abinci Idan Baƙon Ciwo Ya Ɗauke Shi

A kowane gari akwai waɗansu mutane kaɗan waɗanda rabin gari ke ci daga tukunyarsu. A garinmu Gwada, cikin ƙasar Shiroro, inda layin dogo daga Minna zuwa Kaduna ya ratsa, irin waɗannan su ne matan da ke dafa wa fataken doya abinci a bakin kasuwa, da kuku, da mai shayi. Direba ya san su, ɗan dako ya san su, yaron makaranta ma ya san wadda ta kan ƙara masa miya ba kuɗi. Ran da ɗayansu ya rasu, gari duka ya kan ji a jikinsa. Amma na lura, in ciwon da ya ɗauke shi baƙo ne wanda jama'a ke tsoro, sai iyalinsa su rasa shi, su rasa abin da ya ke kawowa, kana su rasa maƙwabta. Wannan rashi na ƙarshe shi ne wanda mu ke da ikon hanawa, a kansa kuwa na ke so in yi wa 'yan'uwana malamai bayani.

Baƙon ciwon da ya fi shafar mai dafa abinci a ƙasarmu shi ne zazzaɓin Lassa. An sa masa sunan garin Lassa ne na Jihar Borno, inda ya kama wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, a 1969. Aka kai ta asibitin mishan a Jos, ta rasu can. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka, ta warke. A 1970 likita Jeanette Troup ta rasu a Jos bayan ta yanke hannu tana binciken gawar wanda ciwon ya kashe. Daga baya masana suka gane wani irin ɓera ne mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ƙwayar cutar cikin fitsarinsa da kashinsa. Ɓeran nan kuwa ba inda ya ke so kamar rumbu da ɗakin girki. Don haka wanda ke auna hatsi yana buɗe buhu kullum ya fi kowa kusa da haɗari.

Mu mutanen wannan yanki ba a takarda kaɗai muka ji labarinsa ba. A 2015, a ƙauyen Fuka na ƙaramar hukumar Munya, maƙwabciyarmu, mutane fiye da goma suka rasu da wani zazzaɓi wanda hukuma ta danganta da Lassa, labari kuwa bai kai wurin hukuma da wuri ba. A watan Janairu 2016 Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya zo Jihar Neja da kansa saboda wannan al'amari. Tun daga lokacin sunan ciwon kaɗai ya isa ya sa mutane su kauce wa ƙofar gida.

To, ga abin da ya kamata kowa ya sani. Ciwon yana wucewa daga mutum zuwa mutum ta jini, da fitsari, da amai, da sauran ruwan jikin mara lafiya. Gaisuwa daga bakin zaure ba ta kawo shi, ajiye ƙwaryar tuwo a ƙofar gida ba ta kawo shi. Cikin mutum 10 da ƙwayar ta shiga, wajen 8 ba su yin ciwo mai tsanani. In ciwon zai bayyana, ba ya wuce kwana 21 bai nuna kansa ba. Shi ya sa malaman asibiti su kan rubuta sunayen waɗanda suka yi jinyar mamaci, su riƙa auna zafin jikinsu har kwana 21 su cika. Wanda zazzaɓi ya kama cikinsu a kan kai shi asibiti nan da nan, gama maganin da a ke bayarwa, watau ribavirin, ya fi amfani in an soma shi da wuri.

Taimako na fari yana wajen jana'iza. Gawar wanda Lassa ya kashe tana da haɗari, saboda haka ma'aikatan lafiya masu kayan kariya su ke shirya ta, dangi ba su taɓa ta. Wannan abu ne mai zafi ƙwarai ga iyali, gama a wurinmu wankan gawa hakki ne na ƙarshe. Abin da maƙwabta za su yi shi ne su fito. Liman ya yi salla, ko fasto ya yi addu'a, jama'a su tsaya inda aka nuna musu, su raka har kabari. Matar da ta ga mutum ɗari a bayan mijinta ba za ta ce an jefar da shi ba.

Na biyu shi ne abinci. Malaman Musulunci sun koyar cewa sa'ad da aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta, Annabi ya umarta a dafa wa iyalinsa abinci. A ikilisiya kuma zumuntar mata ta kan ɗauki wannan aiki. A gidan mai dafa abinci bukatar ta ninka, domin tukunyar sayarwa ita ce tukunyar gida, ran da ta sauka duka biyu sun sauka. Kada kowa ya kai nasa rana ɗaya sa'an nan a watse. A raba kwanaki gida gida, yau wannan, gobe wancan, har kwana 21 ɗin nan su wuce. A haɗa da itace, da ruwa, da sabulu.

Na uku shi ne kuɗi, nan kuwa ne a kan yi sakaci. Masu sayar da abinci da yawa ba su rubuta bashi, a kai su ke riƙe shi, in sun mutu sai ya bi su kabari. Na san wata uwa a unguwarmu wadda leburori da 'yan acaɓa suka daɗe suna ci wurinta sai ƙarshen mako su biya. Da ta rasu, wani dattijo ya tashi ran sadakar uku ya ce duk wanda ya san ana binsa ya kawo. Abin da aka tara ya biya kuɗin makarantar 'ya'yanta na zango guda. Wannan ba gudunmawa ba ce, hakkin marayu ne. Gudunmawa kuma in an tara, a rubuta ta gaban shaidu biyu, a damƙa wa wanda ke riƙon yaran hannu da hannu. In mamacin yana cikin adashi, uwar adashi ta faɗi gaskiyar abin da ya zuba. In miji ne ya rasu a gidan Musulmi, a tuna matarsa za ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ba ta da halin zirga-zirgar kasuwa kamar da.

Na huɗu shi ne sana'ar kanta. Tukwane da murhu da wurin zama a kasuwa su ne gādon yaran. In kwanakin lura sun cika, ma'aikatan lafiya sun ce ba kome, sai 'yar mamaciyar ko yaron kukun ya hura wuta. A taimake su gyara ɗakin ajiya, a toshe ramuka, a zuba hatsi da gari cikin mazubi mai murfi, a daina shanya abinci a ƙasa inda ɓera ke yawo da dare. Sa'an nan manyan unguwa su fara zama su ci a gaban kowa. In mai unguwa ya ci, gobe direbobi za su komo.

Saura namu aikin, mu malamai. Yaron gidan nan zai komo aji, sauran yara kuwa sun riga sun ji abin da iyayensu ke faɗi a gida. Kafin ya zo, malami ya ɗauki darasin kiwon lafiya guda ya bayyana musu yadda ciwon ke yaɗuwa da yadda ba ya yaɗuwa. Kada a bar kowa ya laƙaba masa suna, kada a ware masa benci. In shi kansa ya yi ciwon ya warke, a lura da jinsa, gama wajen mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka warke su kan sami kurunta. Irin wannan yaro a zaunar da shi gaba, kada a ce taurin kai ya ke yi.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Zaman makoki na kwana uku kowa ya iya shi. Wanda ya komo ran arba'in, ya komo da damina ya taya noma, ya tambayi yaro ina littafinsa, shi ne ya yi ta'aziyya cikakkiya. Ina roƙon kowane ɗayanmu, duk garin da aka aike shi koyarwa, ya zama na farkon shiga irin wannan gida. Allah ya jiƙan waɗanda suka ciyad da mu, ya raya abin da suka bari.