Murjanin da ke gini a cikin duhun teku

Idan aka ce murjani, tunanin mutane da yawa yana tafiya ga jan dutsen ado. Amma murjani dabba ce, kuma iri-iri ce. Akwai wani nau'insa mai suna Lophelia pertusa, wanda masani ɗan Suwidin Carl Linnaeus ya fara bayyanawa a 1758. Yana rayuwa a ƙasan teku, galibi inda hasken rana da ƙyar yake leƙawa.

Jikin dabbar ɗan mitsitsi ne, faɗinsa kimanin santimita 1. Baki ɗaya gare ta, zagaye da siraran hannuwa masu dafi. Ba ta tafiya farauta. Tana buɗe hannuwan ne ta jira ruwa ya koro mata ƙananan halittu, ta harbe su da dafi, ta tura baki. Murjanin ruwan ɗumi yana dogara da wata gansakuka da ke cikin jikinsa mai haɗa abinci da hasken rana. Wannan kuwa ba shi da ita, shi ya sa duhu bai dame shi ba.

Kowace dabba tana tatso sinadarin alli daga ruwa ta gina wa kanta ɗan kofi mai tauri, ta zauna a ciki. Sabuwa ta tsiro a gefen tsohuwa, kofi kan kofi, har a sami rassa farare ko masu launin ruwan lemo. Masu rai suna can sama kawai. Na ƙasa ƙwarangwal ɗin kakanni ne. Haka ginin ke tashi kamar shuri, kifaye da ƙaguwa da tsutsotsi su samu mafaka a ramukansa.

Ya fi son ruwan sanyi, digiri 4 zuwa 12, a zurfin mita 200 zuwa 1,000, a kan dutse inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Gininsa mafi shahara shi ne na Røst a gaɓar Norwe, wanda aka gano a 2002, tsawonsa ya kai wajen kilomita 40. Afirka ta Yamma ma tana da nata: an same shi a tekun Muritaniya, da kuma na Ghana a zurfin kimanin mita 400.

Matsalar ita ce ba ya girma da sauri. A shekara guda ba ya wuce santimita 2 ko 3, har wasu gine-ginen Norwe sun kai kimanin shekara 8,000. Amma jirgin kamun kifi mai jan taru a ƙasan teku yakan niƙe su cikin 'yan sa'o'i. Ganin haka Norwe ta hana jan taru a yankin murjani na Sula a 1999. Ya kamata ƙasashen gaɓar Afirka su yi koyi da wannan tun da wuri, domin rigakafi ya fi magani.